Jirgin da Bai Rage Gudu a Gaban Alhaji Ba

Ranar wata Laraba ce da la'asar sakaliya, a ƙarshen daminar shekarar da nake aji biyar na firamare. Ina tsaye a kan rumfar kara da Baba ya ɗaura mini a tsakiyar gonarmu, igiyar gwangwanaye a hannun hagu, majajjawa a dama, muryata ta dishe da ihun korar tsuntsayen jan-baki, sai na ji wani rugugi daga wajen dam ɗin Watari. Kafin in waiga, ga shi nan, ƙaramin jirgi ruwan ɗorawa, ƙasa-ƙasa har ina hango kan mutumin da ke ciki. Ya bi ta saman darbejiyar masallaci, ya miƙe fuu ta kan fadamar Alhaji Mamuda, shugaban manoman yankinmu, wanda ya jera kujeru a bakin gona ya tara baƙi daga Bici don su ga jirgin da yake cewa shi ya kawo. Alhaji ya miƙe ya ɗaga hannu yana jiran gaisuwa. Da ƙarar ta sauko masa a ka, sai ga babban mutum ya kife a kwarin kunya, babbar riga ta rufe masa fuska, hula ta gangara cikin taɓo. Yaran da ke gefe suka fashe da dariya, don wa ya isa ya hana yaro dariya a irin wannan wuri? Jirgin ya kewaya sau ɗaya ya koma Kano.

Abin da nake gadi a wannan rumfa ba gero ne kamar na kowa ba. Mu asalinmu Barebari ne, kuma kakata, Iya Falmata, ita ta zo da irin a ƙulle a bakin zane lokacin da suka yi ƙaura ita da kakana. Mutanen gari suka sa masa suna ɗan Barno. Zangarniyarsa doguwa ce kamar damtsen mutum, ƙwayar fara tas, furarsa kuma ko ba sukari za ka rantse an sa. Kowace kaka Iya da kanta take zaɓen zangarniyoyin iri, ta rataye su a ɗakin girki hayaƙi ya kare su daga ƙwari. "Wanda ya cinye irinsa ya cinye jikokinsa," haka take cewa in ta ga hannunmu ya nufi wurin. To a shekarar nan ruwa ya yi mana wasa. Shukar farko ta tsiro, aka ɗauke ruwa, ta ƙone ƙurmus. Da ruwa ya dawo Baba ya sauko da ragowar irin duka ya sake shukawa, ba a bar ko tafin hannu ba. Sauran maƙwabtan da muka taɓa sam wa irin sun riga sun koma na gwamnati mai saurin nuna. Ɗan Barno da ya rage a duniyarmu shi ne wanda ke tsaye a gonar nan, kuma saboda ya makara, ya fara yin madara daidai lokacin da jan-baki suka sauka.

Wanda bai ga jan-baki ba ba zai gane ba. Tsuntsu ne da bai kai babban yatsa biyu ba, amma in sun taso daga makwancinsu sai ka ce hadari ne ya haɗo. Tun sallar asuba muke fita, ko allo ba ma taɓawa, makarantar boko kuwa malamai sun haƙura da mu. Mun ja igiyoyi daga kusurwa zuwa kusurwa mun rataya gwangwanayen madara da tsakuwa a ciki, mun kafa mutum-mutumi da tsohuwar rigar Baba, mun murza ƙwallayen laka mun shanya don majajjawa. Ka kore su gabas su sauka yamma, ka ruga yamma ka tarar sun koma gabas. Abincinmu tumu ne da muke gasawa a gindin rumfa, da ɗan kunun da ake kawo mana da hantsi. Makwancin nasu kuwa kowa ya san shi, cikin kacala, doguwar ciyawar ruwan nan da ta cika fadamar Alhaji Mamuda, nan suke taruwa da magariba. Shi ya sa da malamin gona ya ce za a turo jirgin feshi, Laraba ya duba wuri, Alhamis ya fesa, Iya ta yi alwala ta yi nafila.

Sai dai garinmu yana da wata al'ada, kuma ban ce mummuna ba ce. Ba a wuce dattijo da gudu. Mai keke in ya zo dakalin manya sai ya sauka ya tura, mai babur ya rage wuta ya dunƙula hannu, mai jaki ya zamo ƙasa. Tun muna tatata ake karanta mana cewa "gaggawa aikin shaiɗan ce," kuma "sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba." Da wannan ma'auni Alhaji ya auna jirgin sama. Ashe tun da safe ya aika malamin gona ya gaya wa matuƙin cewa in ya zo saitin kujeru ya tafi a hankali, ya ɗan tsaya yadda shirwa take yi, baƙi su gan shi da kyau. Ka ji fa! Malamin gona kuwa ya ji kunyar kai wannan saƙo, ya haɗiye abinsa.

Washegari da hantsi matuƙin ya zo a mota don a kafa tutocin da za su nuna masa iyakar kacalar. Saurayi ne siriri mai sanyin magana, ana ce masa Kyaftin. Aka ce Alhaji na kiransa. Na bar ƙanena a rumfa na bi Baba, muka tarar ƙofar gida ta cika. Kyaftin ya cire takalmi ya durƙusa, ya ba da haƙurin firgitar da aka yi. Alhaji ya ce ya ji, amma da sharaɗi: yau in ya zo, sai ya kewaya ƙofar gidan nan sau uku a hankali, kowa ya shaida ya gane kurensa. Kyaftin ya ɗauki tsinke ya zana da'ira a ƙasa, ya ce wannan agogon gudu ne da ke gabansa a jirgi. Ya yi ɗigo a gefe guda ya ce ƙasa da nan iska takan saki fiffike, jirgi ya faɗo kamar tulu. Ya ja layi a ɗaya gefen ya ce sama da nan fiffiken ne zai ɓalle. Tsakanin biyun nan yake neman abincinsa. Ya ƙara da cewa yau ma abin ya fi jiya, don tanki cike yake da magani, jirgi mai kaya kuma ya fi bukatar gudu, balle in zai karkata ya yi kwana, ga shi kusa da ƙasa babu sararin da zai farfaɗo.

"Ko mai keke yana sauka in ya zo wuce manya," in ji Alhaji.

"Ranka ya daɗe, mai keke yana da ƙasar da zai ajiye ƙafa. Ni in na yi maka sannu a sama, a kan rufin gidanka zan sauka."

Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya, kuma wallahi wannan tarin ne ya ƙarasa mu. Alhaji ya kaɗa riga ya shige gida. Kafin azahar an tumɓuke tutoci. Alhaji ya aika ofishin gona cewa fadama tasa ce, bai yarda a zuba masa guba kusa da shanu ba, mutanen gari ma ba sa so. Waɗanne mutanen gari? Wa aka tambaya? Baba da dattawa suka je suka zauna a zaurensa har la'asar, huluna a hannu, suna roƙo kamar su ne suka kayar da shi. Ya ce sai yaron ya koyi ladabi. Haba jama'a! Ladabin me za a koya wa iska? Kyaftin ya jira har rana ta yi ja, sannan ya tafi, don akwai garuruwan da ke jiransa da nasu tsuntsayen. Alhaji kuwa ba abin da ya dame shi, geronsa ɗan gwamnati ne, tuni yana cikin rumbu.

Mun yi iya yinmu. Baba ya bar komai ya dawo gona, Inna ta fito da murfin tukunya tana bugawa, har Iya aka kawo ta a kan jaki ta zauna a gindin rumfa tana kaɗa gwangwani. Muka ɗaure wasu zangarniyoyi da tsumma, tsuntsayen suka tsattsage tsumman. Muka yanko wasu ɗanyu muka shanya a tsakar gida, amma madara ce zalla, suka bushe suka zama ƙaiƙayi. Ranar da muka haƙura, Iya ta bi kunyoyin gonar ɗaya bayan ɗaya tana murza zangarniya a tafin hannu tana hurawa. Da damina ta kewayo Baba ya je kasuwar Dawanau ya sayo iri. Bayan girbi aka dama wa Iya furar sabon geron, ta kurɓa sau ɗaya ta ture ƙwaryar, ta ce a ba yara. Ban sake ganin ta sha fura ba har Allah ya karɓi abinsa.

Yau gyaran agogunan jirgi ne sana'ata, kuma duk sa'ad da na ɗora agogon gudu a kan teburi na ga inda koren zane ya fara da inda jan layi ya tsaya, da'irar nan ta ƙofar gidan Alhaji nake gani, kuma raina yakan ɓaci kamar jiya aka yi. A garinmu yanzu yara ba su san rumfar tsuntsu ba, babura na wuce dakalin manya a guje ba mai ɗaga kai. Ni dai har yanzu ina rage gudu in gaishe su, don ba al'adar ce ta cuce mu ba, girman kan mutum ɗaya ne ya fake a bayanta. Duk kasuwar hatsin da na shiga sai na tsoma hannu a buhunan gero, na tambayi 'yan Barno, na tambayi 'yan Nijar, ko wani ya san wani fari mai doguwar zangarniya. Sukan nuna mini masu kama da shi, in tauna in girgiza kai. Shi Alhaji a ranar ya ɗauki hularsa ya karkaɗe. Mu namu da ya faɗi har yau ba mu tsinto ba.