Layi Uku da Na Soke

A shekararmu ta ƙarshe a sakandare babu wanda ke iya zama wuri ɗaya. Kuɗin mai sun shigo gari, duk inda ka duba a Sakkwato ana tona ƙasa ana zuba siminti, kuma wanda ya riƙe takardar aji biyar aiki ne ke nemansa. Yayana ya riga ni gamawa da shekara biyu, ya zama akawu, ya sayi babur, ya riƙa zuwa ƙofar makarantarmu yana murɗa shi don kawai mu ji. Ni ba babur ne ya hana ni sukuni ba. Jami'a nake so. An buɗe sabuwa a garin, tana zaman wucin gadi can wajen Mabera, kuma tun da na ga ɗalibanta suna yawo da littattafai a hammata babu mai ce musu su yi layi, hankalina ya koma can ya bar ni a aji.

Baba manomin shinkafa ne a fadamar Kwalkwalawa, kuma ba ya jan magana. Ya ce mini, "Na ba ka shekarag ga. In sun ɗauke ka, tahi. In ba su ɗauke ka ba, ka bi yayanka ohis, ƙannenka na bayanka."

Malaminmu na labarin ƙasa shi ya buɗe mana ƙofa. Kirista ne daga wajen Filato, siriri, kullum bisa keke. Abin da ke cin ransa shi ne yaran da ya koyar suna tafiya manyan makarantu da sakamako mai kyau, shekara ɗaya a koro su. Ya yi ta zirga-zirga tsakanin shugaban makarantarmu da mutanen jami'a har aka shirya cewa kowace Asabar, na mako shida, wani malaminsu zai zo ya koyar da mu irin koyarwarsu. A ƙarshe a yi mana gwaji, mutum goma su sami gurbi a ajin share fagen shiga jami'a. Mu kusan arba'in ne.

Wanda aka turo mana Dakta ne, matashi, Bakano, mai tulin suma da wando mai faɗin ƙafa. Ya shigo ya yi magana awa guda bai taɓa alli ba. Mu kuwa muna zaune tsit, biro a rufe, muna jiran ya gama surutu ya fara darasi. Ai mu abin da muka sani, malami ya rubuta a allo, mu kwafe. Ga shi a lokacin gwamnati ta zuba sojoji a makarantu don ladabtar da ɗalibai, namu yana kai da kawo a bakin taga da bulala, ko tari sai ka yi shawara da zuciyarka. Da Dakta ya ce mu nuna masa abin da muka rubuta, ya bi layi-layi yana duba farar takarda. Ya yi dariya har da riƙe tebur.

"A jami'a ba mai rubuta muku a allo," in ji shi. "Kuma in na faɗi abin da bai yi muku ba, ku tsayar da ni. Ba zunubi ba ne."

Muka fita muna kwaikwayon Kanancinsa, amma mun ji kunya. Rabin maganarsa na farko na ɗauka da gaske. Kafin Asabar ta biyu babu mai saurin hannuna a ajin, saura kaɗan in riƙa rubuta gyaran muryarsa. Rabi na biyun kuwa na ɗauka irin maganar nan ce ta manya da ake faɗa don a ji daɗi.

A mako na uku ya zo kan noman fadama. Ya ce manoman shinkafa na wannan yanki sukan jira gulbi ya cika ya malale fadama, sannan su shiga cikin ruwa su yi dashe. Birona ya tsaya da kansa. Ni da na tashi a ciki! Da bazara muke kaftu, muna sarar ƙasa da fartanya, rana na dukan ƙeya. Ruwan farko na sauka mu yafa iri, kafin gulbi ya kawo shinkafa ta kama ƙasa, ruwa na hawa tana binsa. Wanda ya jira ambaliya, a fadamarmu, ya yi asarar shekara. Dakta ya bi ajin da ido, ya tsaya a kaina.

"Akwai mai magana?"

Abokin zamana ɗan wani tela ne daga Gidan Dahala, bai taɓa riƙe fartanya ba, amma ya ga fuskata. Ya zungure ni. "Ba haka na ba, ko? Hwaɗa mai mana." Na take masa ƙafa. Hannuna ya taso har bakin benci ya koma. A gidanmu ba a ce wa babba ya yi kuskure, balle Dakta, balle da Turanci, ga takalmin soja yana wucewa a bayan taga. Na sunkuya na rubuta abin da ya faɗa, kalma da kalma.

Wannan makon ban san inda zan sa kaina ba. In na buɗe littafi sai in rufe. Abokin nan nawa shi ya sha wahalata, don na tsare shi a gindin darbejiya na zayyana masa noman shinkafa tun daga kaftu har girbi, ina faɗa kamar shi ya yi mini laifi. Ranar Lahadi na taka har Kwalkwalawa na gaya wa Baba. Ya tuntsire da dariya. "Wa yac ce haka? Shi zo shi gwada mu gani."

Na ce, "Dakta na, Baba. Shi ka zaɓen waɗanda za a ɗauka."

Dariyar ta ɗauke. Ya ce, "To, Dakta ya san abin da yas sani. Kai dai rubuta abin da ka kai ka ciki."

Sau biyu Dakta ya sake kawo maganar a makonnin da suka rage, sau biyu na yi gum. Wata rana malamin labarin ƙasa ya tare ni a baranda. "Kai ba ɗan fadama ba ne?" Na ce shi ne ni, Malam. Ya ce, "To?" Na tsaya ina kallon silifas ɗina har ya gaji ya hau kekensa.

Ranar gwaji tambayar ta fito, kamar yadda kowa ya zata: a bayyana noman shinkafa a fadama. Na cika shafi biyu da maganar Dakta, tsaf, ko waƙafi ban bari ba. Lokaci ya rage. Na ja layi a ƙasa na rubuta cewa amma a gonar babana ba haka muke yi ba, na faɗi yadda muke yi, layi uku. Da na karanta sai tsoro ya kama ni. Na bi su da biro, na sake bi, har takardar ta kusa hujewa.

Da aka liƙa sunaye na karanta sau huɗu. Babu nawa. Na abokin zamana ne na uku. Shi ya rubuta cewa ya ji daga bakin wani ɗan manomi ba haka ake yi ba, ya zuba duk abin da na gaya masa a gindin darbejiya. Ban taɓa jin haushin mutum da kunyarsa a lokaci guda irin na ranar ba.

Malamin labarin ƙasa ya kira ni ɗakin malamai. Bai ɗaga murya ba, da ma ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya ce da gangan Dakta ya faɗi maganar, tare suka shirya, don a ga wanda zai iya tsayawa kan abin da ya sani. Ya ce, "Ni na gaya masa ina da yaro ɗan Kwalkwalawa, ba zai bar shi ya kai ƙarshen jimla ba." Sannan ya miƙo mini takardata.

Shafi biyun nan Dakta bai taɓa su ba. Wurin da na soke kawai ya zagaye da jan biro, ya rubuta a gefe: "Me ka ce a nan? Na ɗaga ta a hasken taga, na kasa karantawa."

Muna gama jarrabawar aji biyar na bi Yaya ofis.