Kaushin Ratsimba

Duk wanda ya ce ya zo Antsirabe shan iska amma bai san Ratsimba ba, to a cikin mota ya yi hutunsa. Ni Bakoly tun ina budurwa na kafa tandar wainata a ƙofar wani gidan wankan ruwan zafi, kuma a nan na tarar da shi da jan pus-pus ɗinsa, wato keken da mutum ke ja, yana ɗora mutane a baya, shi yana gudu a gaba, daga tasha zuwa wanka, daga wanka zuwa masauki. Siriri ne, dogo, kuma ba ya sa takalmi. Yana da guda na zuwa coci, shi ma a hannu yake riƙe shi sai ya isa bakin ƙofa.

Amma fa ƙafar nan! Kaushin tafinta ya fi tayar keken kauri. Ya taka kwalba, ya taka ƙusa, ko waiwaye ba ya yi. Wata rana garwashi ya faɗo daga murhuna, ya tsaya a kai yana ta zuba mini surutu. Na ce, "Tsoho, wuta fa ka taka!" Ya ɗaga ƙafa ya duba, ya ce, "Ayya, yi haƙuri 'yar nan, na kashe miki ita ko?"

Mutanen Tana, babban birninmu, su ne abincinmu, Allah ya bar mana su. Da hutu ya kama sai su ɓarko da tumbinsu da rigunan sanyi, wannan gwiwa, wancan ƙugu, alhali duk ciwon rashin tafiya ne. Tsakanin masaukinsu da gidan wanka jifa ɗaya ce, amma sai an ja su. Su shiga ruwan da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin tsofaffin duwatsun nan da suka taɓa aman wuta, su jiƙa, su fito suna warin baragurbi suna cewa sun warke, sa'an nan su ɗaga hannu a zo a ja su su koma.

Kowannensu kuma sai ya yi tambayar nan: "Baba, a shekarunka, ina ka samo ƙarfin ƙafa haka?"

Shi kuwa ko numfashinsa ba ya sauyawa: "Ruwan nan ne, ranka ya daɗe. Kullum sai na shiga."

Ƙarya tsagwaronta! Ko ɗan yatsa bai taɓa tsomawa ba. Mu 'yan gari wa ya ga muna biya don mu zauna a ruwa kamar an jiƙa wake? 'Yan matan da ke aiki a ciki sun sani sarai, amma wa zai ɓata tallan da ake yi masa kyauta?

Keken ba nasa ba ne, na Rabenja ne mai ba da haya. Amma shi ya yi masa jan fenti, kuma shi ya rubuta sunan marigayiya matarsa a baya, Lalao, da farin fenti. Da shi yake ci, a cikinsa yake barcin rana. To a bara gwiwa ta fara taɓa shi, har Rabenja ya zo gaban tandata ya ce masa, "Baba, ni ba na ɓoye-ɓoye. Hutu ya zo, baƙi sun cika gari. In ka gaza a wannan karon, ga samari nan a layi." Ratsimba ya yi dariya, amma na ga ya bar wainarsa bai ƙarasa ba.

Sai ga Madam Haingo. Tsohuwar fasinjarsa ce daga Tana, mace mai jiki, mai son taimakon talaka muddin akwai mai ɗaukar hoto. Ta lura yana ɗingishi a hawan tudu, suna isowa ta ce, "Baba, ruwan ya daina yi maka aiki ne?"

Ya ce, "Kwana biyu ne ban samu shiga ba, ranki ya daɗe."

Ta dafe ƙirji. "Ashe! To daga yau har in bar garin nan ni zan biya maka. Kuma na manya, cikakke, har da gyaran ƙafa."

Ina ta ƙifta masa ido har wainata ta ƙone. Ina! A wurinmu ba a mayar wa babban mutum kyautarsa a bainar jama'a, ballantana uwar ɗaki. Ga shi in ya ƙi, ƙaryarsa ta fito fili. Kuma in gaya muku gaskiya, ya daɗe yana faɗin maganar har shi ma ya fara yarda da ita. Ya ce mini a hankali, "Bakoly, wa ya sani, ko gwiwar ta saki."

Haka aka shiga jiƙa Ratsimba kullum da hantsi. In ya fito sai a zaunar da shi a baranda, 'yan mata su taru a kan ƙafarsa da dutsen goge kaushi, baƙin dutsen nan mai huji-huji da ake tsinta a gindin tsaunukanmu. Suna gurza suna kiran juna a zo a ga ikon Allah, Madam tana tsaye tana ɗaukar hoto tana cewa, "Allah sarki, dubi yadda talauci ya mai da ƙafar mutum!" Ni kuwa takaici kamar ya kashe ni. Na leƙa na ce, "Ku bar masa ko rabi mana, takalminsa ne kuke kankarewa!" Ɗaya ta ce, "Iya, je ki ji da wainarki, ba a yi wa Madam rabin aiki."

Ranar da Madam za ta tafi, tafin ƙafarsa ya koma lukwi kamar na jariri. Gwiwar kam ta ɗan yi sauƙi, ba zan ci amanar ruwa ba. Madam ta hau, ya ɗaga sandunan keke, ya taka tsakuwar hanya, sai na ga babban mutum yana tsalle-tsalle. Kafin su kai kwanar farko jini ya fito. Ta sauka ta nemi wani keken don kada mota ta bar ta, tana ɗaga masa hannu tana cewa ya riƙa shafa mai.

Ya gwada takalmin coci, ya yi masa bororo. Ya gwada na taya, ya zame a gangare, saura kaɗan ya kifar da wani mai tumbi a kwata. Rabenja ya zo, Ratsimba ya riƙe sandan keken ya ce, "Ɗana, yi mini haƙuri, kaushin zai dawo."

Rabenja ya ce, "Yaushe, Baba? Wancan kaushin shekara nawa ka yi kana tara shi?"

A gabana aka ja keken aka tafi. Na yi kuka ranar, ba na jin kunyar faɗa.

Masu gidan wankan ba su da asara. Sun ba shi kujera a ƙofa kusa da ni, da ɗan benci na miƙe ƙafa, baƙi su zo su ga tafin mai jan pus-pus da ya tsufa yana gudu amma ya fi nasu laushi. Da sassafe, kafin baƙi su fito, nakan gan shi a bayan rumfata yana taka tsakuwa a hankali yana cije leɓe, wai ko fatar ta yi tauri ya koma bakin aikinsa. Da ta fara tauri kuma sai 'yan matan su fito da dutsensu, don sharaɗin kujerar ke nan.

Jiya jan keken ya wuce ta gabanmu, wani saurayi yana ja. An shafe Lalao, an zana tambarin 'yan ƙwallo a wurin. Ratsimba ya bi shi da ido har ya sha kwana. Daidai nan wani baƙo ya durƙusa yana latsa tafin ƙafarsa da yatsa, ya ce, "Kai! Baba, wai da gaske ruwan nan ne ya yi maka haka?"

Ya ce, "Ruwan nan ne, ranka ya daɗe."

Na juya wainata abina. Wannan karon kam ba ƙarya yake yi ba.