Kakin Zuma a Mudun Albarushin Baba

Babana Elwood Kerstetter ya yi shekara talatin da takwas a injin tsaga katako na ƙasan kwarinmu, a nan duwatsun Pennsylvania, ya fito da yatsu tara da kunnuwan da sai ka ɗaga murya kamar mai kiran shanu. Amma ka tambayi kowa a garin nan wane ne Elwood, ba wanda zai ambaci katako. Cewa za su yi, ai shi ne mutumin da bai taɓa harbin barewa ta tsere da rauni ba. Shekara hamsin da ɗaya yana shiga daji da bindigar toka, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, dutsen ƙyastu ya tayar da ita. Harbi ɗaya gare ka da irinta, kafin ka sake ɗuri barewa ta kai wata gunduma. Ni ce na ɓata masa wannan suna, ni Rhonda, 'yarsa tilo.

Baba ba ya sayen harsashi. Ganye na fara zuba zai shige rumfar bayan gida ya ɗora 'yar tukunyarsa a wuta, ya narka dalmar tsofaffin bututun ruwa, ya riƙa zubawa a mazubi ɗaya bayan ɗaya. Kowane dunƙule sai ya mirgina shi a tafin hannu ya kai shi kusa da taga. Wanda ya ga tamoji a jikinsa komai ƙanƙanta, tukunya zai koma. Mama, kafin ta rasu, takan ce da yana duba rufin gidanmu yadda yake duba dalma, da ba mu kwana da bokiti a falo ba.

Albarushi kuwa da tsinin ƙahon barewa yake aunawa, wanda ya rarake da kansa tun yana saurayi, ya rataye shi a jakar farauta da igiyar fata. Mudu yake ce masa. Cikinsa ɗaya awo tamanin ne a lissafin masu bindiga. Ba da ka ya tsayar da tamanin ɗin ba. Rani guda ya ɓata yana harbin allo a bayan injin katako, daga sittin har ɗari, kafin ya yanke ƙahon daidai nan.

"Sittin ma yana kashewa," in ji shi, "idan barewar ta yi maka alfarma ta zo kusa ta tsaya. Tamanin kuwa shiga yake ta wannan haƙarƙari ya fita ta wancan. Ba ta taku arba'in. Ba ta ma san me ya same ta ba."

Abokinsa Dewey Shaffer, wanda ya tsufa yana raba wasiƙu, shi tuni ya koma bindigar ɗuri ta zamani, mai madubin hange, wadda albarushinta curarre ne kamar ƙwayar magani, harsashinta mai tsini cikin rigar roba. Duk Asabar a teburin kicin ɗinmu sai sun yi ta, kofi na hucewa a gabansu.

"Wannan taka ba bindiga ba ce, Dewey, kantin magani ne. Ƙwaya biyu da safe, biyu da yamma, a sha bayan an ci abinci."

"Kai dai kurma, ci gaba da ƙyasta dutse kamar kakan kakanka. Shekarar da aka yi ruwan nan albarushinka ya jiƙe, wa ya zo gidana roƙon nama?"

"Me ka ce?"

"Na ce roƙon nama!"

"Ban ji ba."

Yana da saba'in da shida zuciyarsa ta fara ba shi wahala, likita ya ɗora shi a kan maganin tsinka jini. A watan Nuwamba ya fita gwada bindiga a allo kamar kullum, harbi biyar. Washegari na shiga ɗakinsa da wanki na tarar da shi ba riga. Daga kafaɗarsa ta dama har ƙasan haƙarƙari fatar ta yi baƙi ƙirin, kamar an zuba masa tawada. Dukan gindin bindigar ne. Na kira likitan, ya ce da wannan magani a jikinsa, duka mai ƙarfi zai iya sa jini ya zuba ta ciki ba a sani ba.

Na ce, "Baba, don Allah ka rage albarushin nan. Ko zuwa hamsin."

"Hamsin? Kurege zan harba?"

"To ka ari ta Kawu Dewey, tana da matashin roba a gindi mai tare duka."

"Gara na zauna a gida na koyi saƙa."

"To ka zauna mana!"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Auta, ki ji da miyarki, na ji da muduna."

Maganar nan ta ba ni haushi, ba zan ɓoye ba. Na daɗe ina gaya wa kaina tsoro ne kawai ya sa ni, amma akwai haushi a ciki, da kuma wannan hali nawa na ganin na fi kowa sanin abin da ya dace da kowa. Ranar jajibirin Kirsimeti da rana ya tafi aski. Na ɗauko jakar daga ƙusa, na narka kakin zuma a cokali, na ɗiga shi a cikin ƙahon har ya cinye fiye da sulusi. Na barbaɗa albarushi kaɗan a kai tun bai daskare ba, ya yi baƙi, ko ka leƙa ba za ka ga komai ba. Har wani daɗi na ji, wai ni mai dabara. A raina na ce barewa dai barewa ce, dalma dalma ce, wa zai san bambanci?

Kwana biyu bayan Kirsimeti, lokacin farautar masu bindigar ƙyastu ya buɗe, ya fita da sassafe. Dusar ƙanƙara ta kai idon sawu. Riga uku ya sa, da safar hannu, ya cika mudu a bakin ƙofa ya juye a bakin bindiga, ya ɗora dunƙulen dalma a kan ƙyalle mai kitse ya tura da sanda. Ina kallonsa ta taga. Bai lura da komai ba.

Wajen ƙarfe tara ina wanke kwanuka na ji harbin daga kan tudu. Tun ina cikin zanin goyo nake jin muryar bindigar nan, tana fashewa ne ta dawo daga dutsen tsallake. Ran nan tari ta yi. Shi da kunnuwansa ba zai ji bambancin ba, ga riguna uku sun tare kafaɗa. Ni na ji.

Bayan awa ɗaya ya shigo, fuskarsa ba yadda na san ta ba.

"Kira mini Dewey. Ki sa takalmanki ke ma, ina buƙatar ido."

Barewa ce mace babba, ya ce, a tsaye take a gicciye, taku tamanin, ba ko reshe a tsakaninsu. Ya sa mata a bayan kafaɗa inda ya saba. A wurin da ta tsaya muka tarar da farin gashi, irin na ƙasan ƙirji, da ɗan guntun ƙashi. Kawu Dewey ya ɗauki ƙashin ya juya shi. Dalmar ta faɗi ƙasa da inda aka aike ta, ta karya ƙafar gaba.

Muka bi ta. Jinin ɗigo-ɗigo ne, nan ɗaya, can ɗaya, ga sawun ƙafa uku da jan ta huɗu a kan dusar. Sau biyu muka tarar da inda ta kwanta ta tashi da ta ji mu. Baba na gaba, yana haki, yana dafa itatuwa. Na ce ya huta, ko juyowa bai yi ba. Na bi bayansa awa shida da maganar a bakina. A kowane ɗigon jini sai na ce a na gaba zan faɗa. Da rana ta yi ƙasa sawun ya shiga rafin da bai daskare ba, bai fito ta inda muka iya gani ba.

Da muka dawo ya zauna a kicin da takalmansa, dusar na narkewa a kan dabe. Ni kuwa na ce zan rataye masa jaka. Na shige rumfa, na zafafa ƙusa, na kwashe kakin nan tas, na goge ƙahon da tsumma. Abin da na fara yi ke nan. Ban dafa masa shayi ba, ban cire masa takalmi ba, kaina na fara ceta.

Kwana uku yana komawa rafin. A na ukun hankaki suka nuna masa wurin, cikin sarƙaƙiya, nisan mil guda. Karnukan daji sun riga shi. Ya karanta ƙasar wurin ya ce ta yi kwana biyu a kwance da ranta kafin su zo, kuma ba su jira ta mutu ba. Sau ɗaya ya faɗi wannan, bai ƙara ba.

Daga nan ya shiga bincike, don shi ba ya barin abu a duhu. Ya duba albarushi ko ya sha danshi, a bushe yake. Ya auna sauran dalmar ɗaya-ɗaya. Ya cika mudu ya juye a sikeli, tamanin cif. Ya kafa allo a taku tamanin, ya ɗora bindiga a kan buhun yashi, harbi uku, duk suka shiga wurin da tafin hannu zai rufe. Ina tsaye a gefe ina kallon kafaɗar da na ce ina karewa tana shan duka uku a banza.

"To," ya ce. "Bindiga lafiya. Albarushi lafiya. Mudu lafiya. Saura wa?"

Kawu Dewey ya ce, "Haba tsoho, kowa na kuskure. Ni sau nawa..."

"Kai ne kai. Ni na ga kafaɗarta sarai, Dewey, na rantse na gani. Idan idona zai ce ga abu nan alhali ba nan yake ba, to ba ni da abin yi a daji."

Ya kwance dutsen ƙyastun ya sa a aljihu, ya rataye bindigar. Bayan mako guda ya ajiye mini makullin motarsa kusa da faranti. Ya ce mutumin da ya kasa sanin inda barewa take a taku tamanin bai kamata ya bi ta gaban makarantar yara da mota ba. Tun daga ranar ni ke kai shi coci, ni ke kai shi aski, kuma duk sauka sai ya ce na gode, Auta. Ya daina shiga rumfa. Asabar ta zo, Kawu Dewey ya tsokane shi, sai ya yi murmushi kawai. Mutumin da ke hawan tudu da dusa har gwiwa ya koma zaman taga, cikin wata huɗu wandunansa suka yi masa yawa.

Ban faɗa ba sai a watan Afrilu. Muna dawowa daga coci na tsayar da mota a gefen hanya, na kashe ta, na juyo na ɗaga murya yadda zai ji kowace kalma. Na gaya masa komai, cokalin, kakin, ƙusar. Na ce idonsa lafiya lau, hannunsa lafiya lau, awo hamsin ya harba ba tamanin ba, ni ce na karya ƙafar barewar nan. Ina kuka ina faɗa. Na shirya ya zage ni, na shirya ya ce na bar masa gida. Da ya yi hakan da na ji sauƙi.

Sai ya miƙo hannun nan mai yatsu huɗu ya dafa nawa.

"Kwana nawa kika yi kina shirya wannan?"

"Baba, wallahi gaskiya ce."

"Na auna mudun da hannuna, Auta."

"Na ce maka na kwashe kafin ka auna!"

"Haka ne, haka ne." Yana ɗan bubbuga hannuna kamar yadda ake yi wa yaro mai zazzaɓi. "Kin yi tunani har da wannan. Uwarki ma haka take, ba ta iya ganin mutum cikin damuwa. Amma kada ki ƙara ɗora wa kanki laifi saboda ni, kin ji? Tsufa ba abin kunya ba ne. Tayar da mota, yunwa nake ji."

Na sake gwadawa sau biyu bayan nan. Na ce ya karɓi makullinsa, na ce mu je a gwada idon. Ya ce na bari haka, na fara ba shi tausayi. Ba ni da abin nunawa, da hannuna na goge kakin.

Ashe ya ba Kawu Dewey labari, shi kuwa tsohon mai raba wasiƙu bai bar gida ko ɗaya ba. Ranar Lahadin da ta wuce, a ƙofar coci, matar fasto ta riƙe hannuwana biyu idonta da ƙwalla. Ta ce ta ji abin da na yi, yadda na ƙirƙiri laifi na ɗora wa kaina don mahaifina ya samu kwanciyar rai, ta ce samun 'ya irina sai an tona. Baba na tsaye a gefena riƙe da hannun rigata saboda matakala, yana gyaɗa kai, fuskarsa cike da alfahari. Na ce mata na gode. Sannan na riƙe shi muka sauka a hankali, na buɗe masa ƙofar mota ta gefen fasinja.