Ƙafar da Ta Ce Ta Ji

Ko na tsufa na manta sunayen jikokina, ranar da muka dawo daga Sakkwato da maigidana tana nan daram a raina.

Tsohon soja ne, ya koma sana'ar su a Warra bayan yaƙi. Ƙafarsa ta hagu ce matsalar: cinya na zugi kamar an zuba garwashi, daga gwiwa zuwa ƙasa kuwa shiru. Innarsa ta ce aljanun ruwa ya taka. Likitocin soja suka ce jijiya ce ta kumbura, ya zo Sakkwato a auna nakasar. Idan mai tsanani ce za a ɗauki nauyinsa ya bar shiga ruwa, idan kaɗan ce sai ya ci gaba da fama.

Shi ya ba ni labarin awon, har da alfahari. An buga masa gwiwa da 'yar guduma, an sa shi tafiya, ya cije ya miƙe ƙyam. Aka bi ƙafar da allura ana tambaya, "Ka ji?"

"Kai kuma ka ce mi?" na tambaye shi.

"Na ce na ji mana! Soja ya ce wa hafsa a'a?"

Wayyo ni! Aka ce nakasarsa kaɗan ce.

A hanyar dawowa, daga Yelwa muka shiga kwalekwale da hantsi don mu bi tafki zuwa Warra. Tafkin ya kwanta lum, ko tsuntsu babu. Maigidana yana ta ba mutane dariya sai na ga wata tsohuwa ta ƙura wa ƙasan jirgin ido tana salati. Ruwan da ke kwance a ƙafafunmu ya koma ja. Ɗaya bayan ɗaya kowa ya yi tsit, shi kaɗai ke magana. Ƙatuwar ƙugiyar mai jirgi ce ta shige diddigensa na hagu ta ɓullo gefe, kuma Allah kaɗai ya san tun yaushe.

Ya sunkuya ya daɗe yana kallo. A hankali ya ce, "Wannan ƙafar wa ce?"

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Sai da shekara ta zagayo aka sake kiransa. Wannan karon da allura ta shiga, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ban ji ba." Tun daga nan na gane dauriya na da wurinta, amma wanda ya kai ta gaban likita, kansa ya cuta.