Ɗigon Alli a Kan Gululun Inna

A zamanin Turawa, ana saura 'yan shekaru su tafi, ina makarantar kwana ta 'yan mata. Mu shida Baturiyar lissafi ta ware tana koya mana lissafin kusurwa da da'ira, sauran suna ɗakin ɗinki. Da za mu tafi hutu bayan kaka, ta ce ranar da muka dawo akwai jarrabawa, wadda ta faɗi ta koma ɗinki. Ba ɗinkin na raina ba, Allah ya sani. Lissafin ne ya shiga raina, shi kuwa ya ƙi ni.

Motar gyaɗa ta sauke ni a Batsari, Baba ya tarye ni da jaki, muka kama hanyar garinmu Runka. Na tarar an cire auduga, matan gida sun zauna kaɗi.

Kullum da hantsi in na gama shara sai in shimfiɗa tabarma a gindin rumbu in buɗe littafi. Abu biyu ne suka tsaya mini a wuya, ɗaya ana ce masa sayin, ɗaya kosayin. Wai in ka ninka kowanne da kansa ka haɗa, ɗaya za ka samu, ko wace kusurwa ce. Na haddace kamar karatun allo, amma dalilin ya ƙi zama. Ina ta maimaitawa, sayin, kosayin, sai Gwaggo, yayar Baba, ta ɗago kai daga shiɓar auduga.

"Ke 'yar boko, sayen ƙosan nan ba ya ƙarewa? Tun shekaranjiya kike saye, ko guda ba mu gani ba."

"Gwaggo, karatu ne."

"To Nasara ya iya karatu. Mu nan sai an jiƙa wake."

Inna na gefe tana kaɗi, ba ta yi dariya ba. Ni ce ɗiyarta ta fari, ba ta kiran sunana, ba ta kallona ido cikin ido. In tana da magana da ni, Gwaggo take gaya wa, ko da ina zaune kusa da ƙafarta.

Ana saura kwana huɗu in koma, na kifa littafin na yi tagumi, hawaye na zuba. Sai na ji Inna ta ce, "Yaya, tambayi yarinyar nan me aka ce abin yana yi."

Na ce wa Gwaggo wai ɗigo ne yake zagaya da'ira, wai kuma tafiyarsa hagu da dama ita ce sayin. Ni ban ga yadda mai zagaye zai zama mai kai da komo ba.

Inna ta jawo mazarinta. Ta dangwali allin da take shafa wa yatsunta don zare ya yi santsi, ta ɗiga a gefen gululu, dunƙulen yumɓun nan da ke ƙasan mazari. Ta tsayar da mazarin a kan guntun fata, ta shiga juya shi a hankali da yatsa biyu.

"Yaya, ce mata ta kwanta ta duba ta gefe. Mai kallo daga sama ba ya ganin rawar mazari."

Na kwanta, kumatuna a ƙasa. Farin ɗigon ya tafi dama, ya rage gudu kamar zai tsaya, ya juyo, ya wuce tsakiya da sauri, ya tafi hagu. In ya ƙure gefe, ba ya gaba ba ya baya. In ya zo tsakiya, to ya matso gabana ne gaba ɗaya, ko ya ɓuya a baya. Abin da hagu da dama suka rasa, gaba da baya, wato kosayin, sun karɓa, nisansa da sandar mazarin kuwa bai taɓa canzawa ba. Ashe ɗayan da ake faɗa ke nan.

Na daɗe a kwance. Na riga na gane, amma ban tashi ba, don rabon da in kusanci hannunta haka tun ina goye. Ina jin ƙamshin man shanu a zanenta. Ita ma ba ta daina juyawa ba, har Gwaggo ta ce, "To, a tashi haka, kar tururuwa ta shige kunnen malama."

Ranar jarrabawa ina murza fensir tsakanin yatsuna, Baturiya ta harare ni, ta ɗauka wasa nake. Mu uku muka ci. Ta kira mu ofis fuskarta cike da fara'a, ta ce lada shi ne ba za mu je hutu na gaba ba, za ta zauna da mu ta ƙara mana karatu.

Sauran biyun suka fita suna murna. Ni na zagaya bayan aji da takardata a hannu, na zauna a kan dutse, ina lissafin watannin da suka rage kafin in sake ganin Runka. Har aka kaɗa ƙararrawar azahar ban motsa ba.