Kyaftin Seol, Matuƙin Da Ya Ji Maganar Na Ƙasa Da Shi

Ranar Alhamis, tara ga watan Nuwamba na shekarar 2023, ina cikin gonata muna tsinkar lemo, 'yata Hye-rim ta kira ni a waya ta shaida mini cewa Allah Ya karɓi ran Kyaftin Seol Gwang-jae a wani asibiti da ke Seoul, bayan jinyar da ya sha tun bazara. Na ajiye almakashi, na cire hulata, na sallami masu aiki, domin ban ga ya dace a ci gaba da tsinka a gonata a irin wannan rana ba.

Ni Bu Man-cheol, shugaban ƙungiyar dattawan ƙauyenmu a nan tsibirin Jeju, ban daɗe da koyon rubutu ba. Akwai masu ilimi da za su iya tsara wannan ta'aziyya, amma ba su ne suka ga abin da na gani ba. Saboda haka, Kyaftin, da hannuna nake rubuta maka.

Sanina da kai ya faro ne daga wata damuwa. A lokacin Hye-rim tana mataimakiyar matuƙin jirgin sama, kai kuma ka tsufa a kan aikin. Wata rana kun taso daga Seoul da jirgi cike da mutane, ana ruwa, iska tana kaɗowa daga dutsen Halla. Kai ne kake riƙe da jirgin. Kun zo dab da ƙasa sai ta ce maka, "Kyaftin, fasa." Ba ta sakaya ba, ba ta haɗa da wata kalmar ladabi ba. Nan take ka ƙara wa injina wuta, kuka koma sama, kuka zagayo, sannan kuka sauka lafiya.

Labari ya bazu tsakanin matuƙa cewa yarinyar jiya ta kunyata babba. Manya suka daina amsa gaisuwarta, a wurin cin abinci kuma babu mai zama kusa da ita. Ta dawo gida ta ce mini za ta ajiye aikin, aikin da ta sha wahalar nemansa tun tana ƙarama. A matsayina na uba kuma dattijo, na cika kwando da lemon da ya fi kyau, na sa kwat ɗina, na tafi har gidanka domin in ba da haƙuri a madadinta, kamar yadda aka saba.

Ka saurare ni har na gama, sannan ka ce, "Baban Hye-rim, lemon zan karɓa. Haƙurin kuwa ka koma da shi gida, ba ni da wurin ajiye shi."

Ka shimfiɗa tsinken cin abinci a kan tebur ka ce shi ne titin sauka, ka ɗauki cokali ka ce shi ne jirgi. Ka bayyana mini cewa tun daga nesa ake shirya sauka: gudun jirgi, da yadda yake gangarowa, da saitinsa da titi, dole ne su daidaita tun ana sama. Idan iska tana bugowa ta gefe, ana karkata hancin jirgi ya fuskance ta, sai an kusa taɓa ƙasa a miƙar da shi da ƙafa. Sannan a ɗan ɗaga hancin, a rage wuta, tayoyin baya su fara sauka. Idan titi ya jiƙe ba a neman laushi, ana dasa jirgin ne da ɗan ƙarfi domin tayoyi su keta ruwan su kama ƙasa, birki ya samu abin riƙewa.

"Akwai fararen alamu inda ya kamata tayoyi su taɓa," in ji ka. "Ran nan iska ta ɗauke mu muka wuce su. Ni hankalina yana kan in ajiye mutane a hankali, ita nata yana kan abin da ya rage na titi. Ita ce ta duba wurin da ya kamata."

Na ce, "Duk da haka, Kyaftin, ko 'don Allah' ba ta ce ba."

Ka ce, "Kafin ta gama 'don Allah, ranka ya daɗe', da yanzu kifi ne yake karɓar lemonka."

Na gamsu da bayaninka, na kuma maimaita shi a zauren dattawa ba sau ɗaya ba. Amma bayani bai sauya halin manyan da suka juya mata baya ba, ita kuma ba ta sauya shawara ba.

Sai lokacin bikin cikata shekara saba'in ya zo, bikin da ƙauye duka ya halarta. Ka zo, ka kuma taho da biyu daga cikin manyan matuƙan nan, waɗanda ɗayansu ya girme ka. Bayan an sha miyar ganyen teku, aka kawo gasasshen kifi da butar giyar shinkafa. Hye-rim ta miƙe za ta zuba wa manya, sai ka riga ta ɗaukar butar. Ka durƙusa a gabanta, ka riƙe butar da hannu biyu kamar yadda yaro yake yi wa babba, ka cika mata ƙoƙo.

Babban cikinsu ya ce, "Seol, tun ba a fara ba har ka bugu?"

Ka ce, "Ras nake, Yaya. Ina zuba wa wadda ta hana ni wuce titi ne. Ku da kuka daina amsa gaisuwarta, ran da idonku ya kauce, wane yaro ne zai buɗe baki ya ce muku ku fasa?"

Hye-rim ta kawar da fuska gefe za ta sha, kamar yadda ƙarami yake yi a gaban manya, sai ka ce, "Juyo nan ki sha, yau ni ne ƙaramin." Mutane suka yi dariya, ita kuwa hawaye ya hana ta. Can sai babban nan ya miƙo mata nasa ƙoƙon ta zuba masa, ya ce kada ta cika shi da yawa, gobe yana da tashi.

Ba ta ajiye aikin ba. Yau 'yata kyaftin ce. A gidan makokinka, bayan mun ajiye farin fure mun sunkuya a gaban hotonka, ta gaya mini cewa a kwanakin da kake kwance wani sabon mataimaki ya ce mata ta fasa sauka. Ta fasa, da suka sauka kuma ta yi masa godiya a gaban ma'aikatan jirgin. Ta so ta kawo maka labarin a asibiti, ba ta samu iko ba. Shi ya sa na rubuta shi a nan.

Kyaftin, Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya karɓe ka cikin rahamarSa da sauƙi. Ina miƙa ta'aziyyata, da ta iyalina, da ta ƙungiyar dattawan ƙauyenmu, ga uwargidanka Ok Sun-rye, da 'ya'yanka, da jikokinka, da dukan matuƙan da suka zauna a gefenka. Allah Ya ba su haƙurin rashinka, Ya kuma sauke kowannensu lafiya.