Shu'aibu ya daina amsa gaisuwa bisa ruwa

An haifi Shu'aibu a wani gungu, wato tsibiri a tsakiyar kogin Kwara, wanda ruwan dam ɗin Kainji ya haɗiye tun yana matashi. Da aka maido su bakin gaɓa kusa da Yelwa, sai ya kama fiton manoman albasa da kwale-kwale zuwa gonakinsu na tsallake. Shekara ashirin da wani abu yana wannan aiki, bai taɓa tambayar hannunsa yadda yake tuƙi ba. Baki na hira, ido na kan ruwa, filafili na shiga yana fita da kansa.

A ruwan nan kuwa, jirgi ba ya gifta jirgi sai an gaisa, an tambayi iyali da kamun jiya. Wanda ya wuce shiru, kafin la'asar maganarsa ta kai kasuwar kifi.

Shekara biyu da samun jihar Kebbi, hannunsa na dama ya fara rawa. Rawar ba ta dame shi ba kamar abin da ya biyo baya. In ya sa hankali yana ce wa hannun tsoma, ja, ɗaga, sai jirgi ya tafi sumul. Da wani ya ce masa sannu da aiki ya buɗe baki zai amsa, sai filafilin ya tsaya cak a sama, kamar an riƙe shi. Don haka ya zaɓi tuƙi, ya bar gaisuwa, saboda wannan jirgi shi ne duk abin da ya rage masa na gungunsu.

Nan da nan aka ce Shu'aibu ya yi girman kai. Matarsa Jummai ta gaji da ba mutane haƙuri a bakin rijiya. Babban ɗansa Dauda, wanda shi ma magidanci ne, ya dage sai an je asibiti. Daga wannan likita zuwa wancan, har suka bi motar kifi zuwa Ibadan, aka tura kan Shu'aibu cikin na'ura aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa.

Hoton bai nuna komai ba. Likitan ya yi bayani ta bakin tafinta cewa ƙari suke nema a kai, ba su gani ba, shi kuma ciwon karkarwa da suke kira Fakinsan ba ya fitowa a irin wannan hoto. Ya ce masu bincike a ƙasashen waje na da wata na'urar da ke kallon ƙwaƙwalwa lokacin da mutum ke motsi, kuma suna ganin kamar sashen da ke tafiyar da aikin sabo ne ke rauni, sai tunani ya ɗauki kayan da ba nasa ba. Shu'aibu ya gyaɗa kai har sau uku. Karon farko ke nan da wani ya faɗi abin da yake ji.

Amma da suka dawo da magani, rabin maganar kawai ta sauka daga mota. Gari ya ɗauka cewa har Ibadan an duba, lafiyarsa lau. Shu'aibu ya yi ta bayani a gindin tsamiya, ana ce masa Allah ya sawwaƙe ana kallon juna.

Ran wata Talata ya ɗauko mata huɗu da buhunan albasa. A daidai inda ruwa ke da ƙarfi sai ga jirgin Alhaji Yakubu, mahaifin Jummai, tsoho mai fiye da tamanin.

"Shu'aibu, barka da ruwa. Ko ni ma ba a amsa mani?"

Tsoma, ja, ɗaga. Gumi ya keto masa. Suruki ne, kuma a gaban mutane.

"Baba, barka kadai," in ji shi.

Hannun ya ƙame. Jirgin ya juya gefe, ya sha ruwa, buhu biyu suka tafi, matan na salati. Mutanen Alhaji ne suka jawo su gaɓa.

Washegari da hantsi Dauda ya durƙusa a gaban mahaifinsa, bai iya haɗa ido da shi ba, ya ce daga yau shi zai riƙa fita da jirgin. Shu'aibu ya daɗe yana kallon hannunsa da ke rawa bisa gwiwa.

"Da an yi mani shiru, da na kai su," ya ce.

Jummai ce ta shiga ɗaki ta ɗauko filafilin ta miƙa wa Dauda.